Kwale-kwalen Kawu da Furojet Ɗinmu na Saye

Duk wanda ya bi ta layinmu a Ƙofar Galadima cikin dogon hutun da ya wuce ya ga abin da ba a saba gani a cikin birnin Zazzau ba: kwale-kwale a kan tudu, an ɗora shi bisa bulo a kangon da ke jikin gidanmu, ga kuma wani ɗan difloma daga shi sai singileti yana fama da zarto. To, ni ne. Yaran unguwa suka sa mini suna Mai Jirgi. Wani dattijo kuwa kullum in zai wuce masallaci sai ya tsaya ya ce, "Ɗana, in ruwan Ɗufana ya zo ka ajiye mini wuri a gaba." Na sha tsiya ba kaɗan ba. Amma makonni bakwai ɗin da na yi a kangon nan sun canza mini tunani a kan abin da muke kira furojet. Tunda kuma yanzu lokacinsa ne, kowa na ta zarya tsakanin ofishin sufabaiza da shagon kwamfuta, na ga ya dace in faɗi nawa.

Ra'ayina shi ne: ɗalibin kwalejin fasaha bai kamata ya karɓi difloma ba sai ya yi wani abu da hannunsa wanda wani mutum zai yi amfani da shi, kuma an gwada abin a gaban jama'a an ga ya yi. In kuma ana neman inda za a fara, ga jiragen ruwa na katako nan da ke ɗaukar mutanenmu a kogunan Arewa, suna kifewa da su duk damina. Lissafin da ake buƙata don a rage wannan asara bai fi ƙarfin ɗan ajinmu ba. Na gwada, shi ya sa nake faɗa.

Yadda jirgi ya zo birni

Ƙanin mahaifiyata manomin fadama ne a bakin kogin Galma, can ƙasa da gadar hanyar Jos. Yana noman rake da tumatir da albasa, yana kuma taɓa su in ruwa ya ja. Gonarsa ɗaya tana tsallake, saboda haka kwale-kwale ne jakinsa. Da shi yake ƙetara taki, da shi yake kwaso amfani, wani lokaci har ya yi wa matan ƙauye fito in za su kasuwa. Da na kai masa ziyara bayan na gama watannin sanin makamar aiki, sai na tarar da jirgin a kife a gindin bishiya. Cikinsa da sauran ƙarfi, amma bakinsa ya ruɓe kaf, har kana iya ɓantaro katakon da yatsa. Katakan da ke riƙe gefe da gefe biyu sun karye, jirgin ya buɗe kamar tsohon takalmi. Kawu ya ce kuɗin sabo ya fi ƙarfinsa bana, aro yake yi. Ni kuma, da ɗokin ɗan makaranta, na ce, "Kawu, ai wannan ƙaramin aiki ne, ka bar mini." Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "To, Allah Ya ba da sa'a."

Mutum shida suka ɗora shi a a-kori-kura. Da muka iso gida sai matsala ta farko ta ɓullo, wadda duk ɗan birni zai gane: jirgi mai tsawon mita 5 ba ya shiga zaure, don ƙofar ciki ba ta kallon ta waje. Dole muka sauke shi a kango. Inna ta leƙo ta ce ita dai ba ta tura ni makaranta don in zama masassaƙi ba. Washegari na je wurin wani tsohon kafinta na unguwarmu, wanda tun ina yaro nake ganin sa yana yin ƙyaure da gadaje, na roƙe shi aron kayan aiki. Ya ce ba ya ba da aron zarto, amma zai zo ya gani. Daga ranar bai ƙara kira na da sunana ba, sai dai "Injiniya", kuma kowa ya san ba yabo ba ne.

Katako ba ya karanta handawut

Mun je 'yan katako a Sabon Gari ni da Baba. Ni ina ta kallon farin katako mai araha, mai sauƙin yanka. Ya ce wannan na silin ne da akwatin amarya, damina ɗaya ruwa zai cinye shi. Na ce to mu ɗauki ƙirya, tunda kowa ya san da ita ake turmi saboda ƙarfi. Ya ce, "Injiniya, turmi za ka yi ko jirgi? Ƙirya nauyi gare ta, ga ta da gardama, ba za ta bi lanƙwasar jirgi ba." Muka tsaya a kan maɗaci. Yana da ƙarfi daidai gwargwado, yana jure ruwa, gara ba ta cika son sa ba, kuma yana karɓar ƙusa. Ko a cikin maɗacin ma sai da Baba ya juya falanki ya fi goma. Yana duban yadda jijiyar icen ta tafi, yana ƙin duk mai ido, wato gurbin reshe, don a nan katako ke karyewa. Yana ƙwanƙwasawa ya saurara. Ya ce busasshe ƙara yake yi, ɗanye kuwa sai ka ji shi dum. A aji an koya mana cewa katako na tsukewa in ya bushe, na ma rubuta a jarrabawa na ci. Amma ban taɓa sanin ana jin haka da kunne ba.

Babban aikin shi ne bakin jirgin. Ana sa dogon siririn katako biyu a kowane gefe, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, su matse saman bangon jirgin tun daga goshi har wutsiya. Mai kallo zai ɗauka ado ne. Alhali su ne ke hana bangon tsagewa, su ke karɓar duka in an jingina jirgi da gaɓa, a kansu ake jan taru, a kansu filafili ke gogawa. Falankin kasuwa ƙafa 12 ne, bai kai tsawon jirgin ba, dole a yi haɗi. Ni na haɗa su kai da kai, na buga ƙusa, na kama lanƙwasawa da ƙarfin tsiya. Sai ji na yi ƙas! Katakon da na saya da kuɗin alawus ɗina ya rabe biyu, har ya tsaga mini hannu. Baba yana zaune a kan benci bai ce uffan ba sai da na gama tsaki. Sannan ya ce, "Kun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne. Amma in ka buga ɗanye, zai bushe ya tsuke ya bar maka kafa. Busasshe ake saye, a lallashe shi."

Lallashin shi ne muka haƙa dogon rami muka shimfiɗa leda, muka jiƙa katakan kwana uku. Ranar bugawa muka naɗe su da buhun algarara muna kwarara tafasasshen ruwa, Inna tana ta ƙorafin itacenta. Haɗin kuwa a karkace ake yanka shi, kamar firar alƙalami, tsawon yankan ya ninka kaurin katakon sau takwas, a shafa gam mai jure ruwa, a haɗa su kwanta a kan juna. Kuma ba a barin haɗin ciki da na waje su faɗa wuri ɗaya. Ba mu da isassun abin matsewa, sai muka yanka tsohon tib na mota muka riƙa ɗaurewa taƙi bayan taƙi, muna farawa daga tsakiya. Kowane gurbin ƙusa sai an huda shi tukuna, in ba haka ba maɗaci ya tsage. Ƙusar ma ba kowacce ba. Wadda aka yi wa ruwan hana tsatsa muka nema, domin da na ɓamɓare tsohon bakin na ga abin da ya kashe shi: kowace baƙar ƙusa ta yi tsatsa, ta ci katakon da ke kewaye da ita, ruwa ya samu hanya.

Bayan baki sai katakan da ke gicciye, masu riƙe gefe da gefe don kada jirgi ya buɗe. Uku muka sa, muka ɗaure su da noti. Sai kujeru. Ni na so in ɗora su daidai da bakin jirgi, don sun fi kyau a hoto. Kawu ya zo duba aiki ya ce, "Ɗan nan, sauke su. In ka zaunar da mutum a sama, jirgi rawa zai yi ta yi da shi." Nan take na tuna darasin cibiyar nauyi da muka haddace a zangon farko. Kawu bai taɓa jin sunan abin ba, amma shekara talatin yana aiki da shi. Muka sauke kujerun tafin hannu guda. A ƙasa muka shimfiɗa siraran katakai da tazara, don buhu ya daina zama cikin ruwa, muka bar gurbi ɗaya a tsakiya inda ƙwarya za ta shiga a kwashe ruwa. Tsagogin ciki muka cusa musu auduga muka bi da narkakkiyar kwalta.

Inda boko ya yi rana

Har zuwa nan ni ɗan aike ne kawai. Inda karatuna ya yi amfani shi ne da na tambayi Kawu nauyin da jirgin ke iya ɗauka. Ya ce, "Sai ka ga ruwa ya kusa baki, sai ka bari." Wannan amsar ce ta hana ni barci.

Ga lissafin, kuma duk wanda ya zauna a ajin kimiyyar ruwa ya san shi. Tun zamanin Arkimidis aka gano cewa abin da ke yawo a kan ruwa yana ture ruwa daidai nauyinsa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Jirgin Kawu tsawonsa mita 5, faɗinsa santimita 80, zurfinsa santimita 40. Da yake goshi da wutsiya a tsuke suke, filin da yake taɓa ruwa bai kai 5 sau 0.8 ba. Na auna faɗinsa a wurare goma na haɗa, na samu kusan murabba'in mita 2.8. Ma'ana, duk kilo 28 da ka ɗora, jirgin zai nutse santimita ɗaya. Babba guda ya shiga, santimita biyu da 'yan kai sun tafi. Buhun masara mai kilo 100 ya shiga, kusan huɗu sun tafi. Jirgin ba kowa a ciki yana cin santimita 9. In ana so a bar santimita 15 a sama saboda igiyar ruwa da motsin mutane, saura 16 ke nan na kaya. 16 sau 28 ya ba da 448. Wato kilo 450 a taƙaice: buhu uku da mutum biyu, ko manya bakwai ba kaya. A nan ne ma na gode wa Baba da ya hana ni ƙirya, domin duk kilon da ka ƙara a ado, daga kayan mai jirgi ka cire shi.

Lissafin takarda dai takarda ne, sai an gwada. Da muka mayar da jirgin Galma, na ari jarkoki 18 masu cin lita 25 a wurin 'yan garuwan unguwarmu. A bakin gaɓa, inda ruwa bai wuce gwiwa ba, muka riƙa cika su muna jerawa ɗaya bayan ɗaya ina aunawa. Da ta goma sha takwas ta shiga, abin da ya rage a sama santimita 16 ne, ba 15 ba, saboda bangon jirgin yana ɗan buɗewa ta sama. Na yi alama, muka fito da shi ya bushe, na ja jan layi da fenti a gefe biyu. Jarkoki huɗu kuma na biya kuɗinsu, muka toshe bakinsu ba komai a ciki, muka ɗaure su tam a ƙarƙashin kujeru. Kowacce na iya riƙe kusan kilo 24 a saman ruwa, ko da jirgi ya cika ba zai tafi ƙasa da sauri ba, mutum zai samu abin kamawa. Daga nan Kawu ya ce, "To Injiniya, shiga." Jama'a, ni ɗan birni ne, ban iya iyo ba. Da muka kai tsakiyar kogi na dubi ƙusoshin da na buga da hannuna, na tuna wadda na buga a karkace na ce ba komai. Difens ɗin gaban lakcarori wasa ne a kan wannan.

Jan layin nan ba ni na ƙirƙiro shi ba. A Ingila, cikin ƙarni na 19, masu jiragen teku kan labta wa tsofaffin jirage kaya fiye da kima, in sun nutse su karɓi kuɗin inshora, matuƙa kuwa su tafi ke nan. Wani ɗan majalisa mai suna Samuel Plimsoll ya yi ta faɗa a kan haka har aka yi doka a 1876 da ta tilasta zana alamar iyakar lodi a jikin jirgi. Har gobe duk babban jirgin da ya shigo Legas yana ɗauke da ita, kuma da sunansa ake kiran ta. Amfanin alamar shi ne ba sai ka yi karatu ba kafin ka karanta ta. Ko yaro ya ga ruwa ya rufe layi ya san an yi zalama.

Abin da ya sa wannan ba wasa ba ne

A watan Mayu na 2021, jirgin katako ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse a kogin Neja kusa da Warrah, ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi. Waɗanda aka ceto da rai ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Ranar 30 ga Nuwamba na shekarar, a madatsar ruwa ta Watari da ke Bagwai a jihar Kano, jirgi ya kife da mutanen Badau, akasarinsu yara 'yan Islamiyya da za su Mauludi, aƙalla 29 suka rasu. A Yunin 2023, a yankin Patigi na jihar Kwara, fiye da mutum 100 suka halaka a hanyar dawowa daga biki. Allah Ya jiƙan su. Duk lokacin da aka yi irin wannan, dalilan da ake lissafawa ba sa canzawa: lodi ya yi yawa, jirgi ya tsufa, tafiyar dare, karo da kututture, ba rigar kariya. Ku duba da kyau. Biyun farko aikin awo ne da aikin katako. Aikinmu ne.

Mu kuma me muke yi? Mu faɗa wa juna gaskiya, tunda mujallar tamu ce. A yawancin makarantu irin tamu, furojet ya zama fatauci. A haɗa kuɗi, a je shagon kwamfuta, a zaɓi tsohon aiki, a canza suna da shekara, a yi masa bango mai ruwan zinare. Wanda aikinsa na ƙira ne ya kai wa mai walda a bakin titi, ranar difens ya tsaya kusa da injin da bai san ta inda ake kunna shi ba. Ni ma ban wanke ba. Babi na ɗaya da na biyu na rukuninmu, da farko daga wani tsohon kundi muka kwafo su, sai bayan na dawo daga Galma na ji kunya na ce mu sake. Ba wanda ya tilasta mana wannan hali, mu muka zaɓa, don mun ɗauka satifiket ne kaɗai abin nema. Shekara biyu iyayenmu na biyan kuɗi, a ƙarshe abin da muka bari shi ne kundin da ƙura za ta ci a kan kanta.

Na san abin da za a ce

Wani zai ce, me ya haɗa Bazazzagi da jirgi? Mu ba Yawuri ba, ba Argungu ba. To, Galma dai a bayan gari take, Kubanni ta ratsa mu ta faɗa cikinta, kuma ɗaliban makarantar nan daga ko'ina suke. A ajinmu kaɗai akwai 'yan Neja da 'yan Kebbi waɗanda sai sun shiga jirgi suke isa gida da damina. Ban da haka, sana'ar ba baƙuwa ba ce a Arewa. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna ta jihar Yobe ya ci karo da kwale-kwale a binne. Da masana suka auna, suka ce ya kai shekara 8,000, tsawonsa ya haura mita 8, kuma ba a samu wanda ya girme shi a Afirka ba. Rimin nan ma da muke kiran unguwanni da shi, su Rimin Tsiwa da Rimin Doko, da gangar jikinsa ake sassaƙa jirgi a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma. In kuma jirgin ne bai kwanta maka ba, ɗauki amalanke, ɗauki murfin rijiya, ɗauki kujerar guragu. Sharaɗin dai mutum ya hau ko ya yi amfani da shi.

Wani zai ce fenti ba ya maganin zalama, kuma mutane na cika jirgi ne don jirgin ɗaya ne, ba hanya, ba gada, in ka bari ya tafi ka rasa kasuwa. Wannan gaskiya ce, ba zan musa ba. Gina gada da sa ido a mashigai aikin gwamnati ne da hukumar NIWA mai hedikwata a Lokoja, wadda ta hana tafiyar dare ta kuma ce a sa rigar kariya. Ni da kaina na ga iyakar layina. Da aka fara saran rake na koma, na tarar Kawu ya labta har ruwa ya shafe jan fentin. Na yi magana ya ce, "Ruwa ya ja, ba iska, kuma ni kaɗai ne." Ban ji daɗi ba. Amma ya ba ni wani labari yana dariya. Ranar kasuwa ya ɗauki mata, wata tsohuwa ta leƙa ta ga ruwa ya taɓa layi, ta ce ita ba za a ƙara kowa ba, in za a ƙara a sauke ta. Dole ya yi sawu biyu. Da can ba ta da abin da za ta nuna, sai dai ta yi shiru tana salati. Yanzu tana da hujja. Ko iyakar abin da layin ya yi ke nan, kuɗin fentina bai faɗi ba.

Akwai kuma wanda ba zai faɗa a fili ba, amma a ransa yana cewa shi ba ya zo nan don ya zama kafinta ba. Wannan ne ya fi ba ni haushi, musamman a garin da ake da unguwa sukutum mai suna Babban Gwani. Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, da ƙasa da azara ya yi aikinsa, yau masana gine-gine daga ƙasashen waje suke zuwa kallo. Mutanen da suka ba magini sarauta ba su raina aikin hannu ba, mu ne muka koyi raini. Kuma ba cewa nake mu je mu koya wa masu sassaƙa jirgi aikinsu ba. Wallahi ba mu isa ba. Baba ya san katako, Kawu ya san ruwa, ni na san lissafi. Da ni kaɗai ne da jirgin bai koma ruwa ba. Da su kaɗai ne da ba a ja layi ba. Abin da kwalejin fasaha ya kamata ta fitar shi ne mutumin da zai iya zama a tsakaninsu, ya saurara, ya kuma kawo nasa.

Kira ga ƙungiyarmu

Ga abin da nake roƙon shugabannin ƙungiyar ɗalibai, kuma ba abu ne mai cin miliyoyi ba. Na farko, a nemi zama da shugabannin sassa a roƙi a ba da dama ga duk rukunin da ke son ɗaukar furojet daga wata buƙata ta zahiri a gari ko ƙauye, a kuma ba gwaji a gaban jama'a maki mai tsoka. Na biyu, a ware rana ɗaya a makon ɗalibai ta baje kolin abin da muka yi da hannunmu, a gayyato kafintoci da maƙera da masu walda na gari su zauna a teburin alƙalai. Ina tabbatar muku tambayarsu ɗaya za ta tona asirin duk wanda ya saya. Na uku, a samu rukuni ko da ɗaya ne, 'yan gine-gine da 'yan kanikanci, su je mashigan Galma da izinin sarkin ruwa da masu unguwa, su auna jiragen da ke fito, su ja musu layi, su ɗaura jarkoki, su rubuta abin da suka gani. Tef, fenti, buroshi da jarkokin aro, shi ke nan kayan aikin. In kuɗin katako ne damuwa, abin da mutum biyar ke haɗawa su sayi tsohon kundi ya isa ya sayi maɗacin da na yi aiki da shi.

Ga 'yan ajin farko kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ku jira sai zangon ƙarshe. Hutun nan mai zuwa ku duba cikin gidanku ko na danginku, za ku samu abin da ya lalace wanda wani ke wahala saboda shi. Ku nemi tsohon da ya san aikin, ku durƙusa ku gaishe shi, ku haƙura da tsiyar da zai yi muku.

Tabon da maɗaci ya yi mini yana nan a hannun hagu. Kangon ma yanzu ba komai sai bulo da ɓarɓashin katako. Makon jiya na wuce ta gaban shagon Baba, ya kira ni ya ce an kawo masa gyaran ƙyauren wani tsohon soro, in ina da lokaci ranar Asabar in zo in auna masa. Ya ce in taho da tef ɗina, zarto kuwa akwai nasa. Allah Ya ba mu sa'ar difens baki ɗaya, Ya kuma kiyaye matafiyan ruwa.